Kafin ki shafa a jiki: amsoshi kan man ƙamshi, kwalli, lalle da sabulun wanka

Hunturu ya kankama, bukukuwa sun yi yawa, tambayoyin da suka zo mana daga sassan Zamfara kuma kusan duk a kan kayan gyaran jiki ne. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙananan kwalabe uku na tataccen man ƙamshi, na kanumfari da na na'ana'a da na labanda. Na ɗiga na kanumfari a bokitin wanka, ina watsa ruwan sai wuyana da bayana suka ɗauki raɗaɗi, suka yi ja. Jabu aka sayar mini ne? 'Yar'uwarku daga Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Raɗaɗin nan ba shi ne shaidar jabu ba, mai kyan ma haka zai yi miki, wataƙila fiye. Wannan mai ba irin man gyaɗa ko man kwakwa ba ne. Ana tato shi ne daga tulin ganye ko fure ko ɓawo har a samu 'yar kwalba ɗaya, shi ya sa yake da ƙarfi. Sannan mai ba ya narkewa a ruwa. Ɗigon da kika zuba yana nan yana yawo a saman bokitin, moɗar farko da kika ɗiba ita ta kwaso shi tsagwaronsa ta zuba miki a fata. Kanumfari kuwa yana cikin masu zafin ƙuna, shi da kirfa.

Ƙa'idar ita ce a sirka shi da wani mai mai laushi kafin ya taɓa jiki: man kwakwa, man zaitun, man riɗi ko man kaɗanya. Cokalin shayi yana ɗaukar mililita 5, wato wajen ɗigo 100. Don fuska, ɗigo 1 a cokalin shayi ɗaya ya isa, kashi 1 cikin 100 ke nan. Don sauran jiki a yi ɗigo 2. Kwalba mai mililita 30 za ta ɗauki ɗigo 6 idan ta fuska ce, 12 idan ta jiki ce. Wannan lissafin na masu sauƙi ne irin labanda. Kanumfari rabin haka ake sa masa, ɗigo 1 a cokali biyu. Man ɓawon kirfa kuwa mu dai shawararmu a bar shi ga ƙamshin ɗaki.

Idan man kaɗanya za ki haɗa, kada ki ɗora shi a wuta kai tsaye. Ki sa gram 100 a kofin tasa, ki tsoma gindin kofin a ruwan zafi har ya narke, ki fitar ki jira ya huce ya fara yin kauri kamar kunu. A lokacin za ki ɗiga man ƙamshin, ɗigo 20, ki juya sosai. Wadda ta zuba yana da zafi, ƙamshin zai bi iska ta yi asarar kuɗinta. Ki shafa bayan wanka tun jiki da sauran danshi, ya fi a zuba a bokiti amfani nesa ba kusa ba.

Kafin ki bi jiki da shi, ki gwada. Ki shafa haɗin a cikin gwiwar hannu, wuri kamar faɗin kwabo, safe da yamma, kwana uku a jere. Ƙuna tana bayyana nan take, amma irin ƙin da jiki ke yi wa abu a hankali yakan ɗauki kwana biyu ko uku kafin ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje su fito. Abu ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, don in ya ɓaci a san mai laifin.

Idan tsagwaron man ya zuba a fata, a fara goge shi da man kwakwa ko man gyaɗa a tsumma mai tsabta, sannan a wanke da sabulu. In ido ya shiga, ruwa mai tsabta za a yi ta kwarara masa kamar minti 15, a tafi asibiti idan raɗaɗin bai lafa ba.

Batun jabu kuma, ga abin dubawa. Kwalbar ta zama ta gilashi mai duhu, da marfi mai ɗigo. Ki ɗiga ɗaya a farar takarda ki ajiye har yamma: labanda da na'ana'a na gaske sukan bushe ba tare da sun bar tabon maiƙo ba, wanda aka cakuɗa da man girki kuwa zai bar zobe. Masu kauri irin sandal sukan bar alama ko da na gaske ne, kada a yi musu wannan hukunci. Idan kin ga shago yana sayar da man wardi da na lemo duk farashi ɗaya, to turaren haɗi ne, domin man wardi na ainihi tsadarsa ta wuce misali. Turaren haɗi ba laifi ba ne, yana da kyau a humra da turaren wuta, amma kada a biya shi kuɗin na gaske.

Sai a kula da yara. Man na'ana'a da na bishiyar turare ba a shafa su a fuska ko ƙirjin jariri da ƙaramin yaro, suna iya taɓa numfashi. Yaro in ya kurɓi ko kaɗan ne daga man bishiyar turare, yana iya kai shi ga jijjiga, don haka kwalaben su zauna inda hannunsa ba ya kai wa. Mai juna biyu ta tambaya a wurin awo kafin ta fara. Man ɓawon lemon tsami kuma da dare ake shafa shi, don in rana ta doki wurin kafin awa 12 yakan ƙone ya bar baƙin tabo.

Tambaya: Ɗiyata wata huɗu gare ta. Kakarta na sa mata kwalli kullum da safe, ta ce yana wanke ido. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce in hana. Wa zan bi? Maman jaririya daga Anka.

Amsa: Maman yarinya, ki bi ma'aikaciyar jinyar. Yawancin dutsen kwallin da ake niƙawa a kasuwanninmu, mai nauyin nan mai ƙyalli kamar azurfa, dutsen dalma ne. Mutanen Anka ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubar dalma. A 2010 ne aka gano ta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga ƙurar dutsen zinare da ake dakawa a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Gubar da ke cikin kwallin dutse ita ce dai wannan, sai dai tana shiga kaɗan-kaɗan. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

Hanyar shigarta mai sauƙi ce: yarinya ta murza ido, ta kai hannu baki. Wani kuma yana bin hawaye ta 'yar hanyar da ta haɗa ido da hanci ya gangara maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da fahimtar karatu, tana kawo ƙarancin jini, kuma sau da yawa ba a ganin alama sai an yi nisa.

Mun san kwalli yana da daraja a addini da al'ada. Ismidin da ya zo a hadisi ana fassara shi da wani dutse daban, amma da ido ba a iya bambance shi da na dalma, kuma rubutun jikin tandu ko kwali ba hujja ba ne. Idon jariri ba ya buƙatar komai sai auduga da tafasasshen ruwan da ya huce. Kada a sa kwalli a cibiya ma. Ki samu Hajiya kaka cikin ladabi, in da hali maigida ya yi mata maganar da kansa, ku ce umarnin asibiti ne. Sannan a zuwanku rigakafi na gaba ki faɗa musu watanni nawa aka yi ana sawa, ki nemi a duba ko za a gwada jininta. Ke kanki, gazal na fensir mai lambar NAFDAC ya fi miki kwanciyar hankali, tunda kina shayarwa.

Tambaya: Bikina saura mako uku. Ina son baƙin lalle mai fitowa raɗau. Idan na gwada dayis a hannu kwana biyu kafin ranar ban ga komai ba, shi ke nan? Amarya daga Ƙauran Namoda.

Amsa: Allah Ya sanya alheri, amarya. A nan gwajin kwana biyu ba zai cece ki ba. Baƙin da dayis ke yi daga wani sinadarin rinin gashi ne da ake kira PPD. Wadda ba ta taɓa haɗuwa da shi ba, illar takan jinkirta kwana huɗu har zuwa mako biyu, sannan zanen ya kumbura ya yi bororo daidai yadda aka zana furen, wani ya bar tabo. Gwajin kansa yana iya zama abin da zai sa jiki ya tsane shi, kuma in ya tsana, ya tsana ke nan har abada, ko rinin gashi ba za ki ƙara iya sawa ba.

Jan lalle na ganye in an yi masa yadda ya kamata yana yin duhu mai kyau. A tankaɗe garin sau biyu da lallausan yadi, a kwaɓa da ruwa da ɗan lemon tsami da cokali ɗaya na sukari don ya kama fata, a rufe a ajiye 'yan awanni har samansa ya yi duhu. A bar shi a jiki awa shida ko a kwana da shi. Da safe a kankare, a shafa man zaitun, a guji ruwa rabin yini. Zai fito ruwan lemo, kada ki firgita, cikin kwana biyu yake nuna ya koma ja mai duhu. Saboda haka ƙunshi ya riga ranar kamu da kwana biyu. Ki tsaya a kwaɓa a gabanki, kuma kada ki yarda a zuba fetur ko kananzir. Jariran dangi kuwa a bar su ba lalle: wanda aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, abin da ke da yawa a ƙasarmu, lalle na iya farfasa masa ƙwayoyin jini ya jawo shawara.

Tambaya: Duk fandeshan da na saya, a shago ya dace da ni, in na fita sai fuskata ta yi toka-toka. Ɗalibar kwaleji daga Talata Mafara.

Amsa: Ƙanwarmu, a bayan hannu kike gwadawa, a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ki ja layi uku na kala uku a gefen muƙamuƙi, ki fita hasken rana da madubi, ki jira minti 15 don wasu na ƙara duhu bayan sun sha iska. Wanda ya ɓace tsakanin fuska da wuya shi ne naki. Toka-tokan yakan zo ne daga zaɓen wanda ya fi ki haske, ko shafa shi a busasshiyar fatar hunturu ba a sa mai ba. A jikin kwalba akwai hoton gwangwani a buɗe da 6M ko 12M, watannin da zai yi ke nan bayan an buɗe. Maskara wata uku ake canza ta, ba a tsarma ta da ruwa ko yawu, ba a kuma aron ta a gidan biki, ta nan ciwon ido na Apolo ke zagaya ƙawaye.

Tambaya: Maiɗakina tana sayen wani sabulun haɗi da man shafawa a roba mara rubutu daga wata mai talla a WhatsApp. Ta yi haske cikin mako biyu, amma yanzu jijiyoyi sun fito mata a kumatu, ga nankarwa a damtse. Me zan saya mata a madadinsu? Magidanci daga Tsafe.

Amsa: Malam, alamun da ka lissafa irin na maganin fata mai ƙarfi ne da ake tsiyayawa a cikin man shafawa, galibi clobetasol ko betamethasone. Magunguna ne na ɗan lokaci bisa umarnin likita. In aka daɗe ana shafawa, fata takan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsage, makero da ƙuraje su samu wurin zama, rauni ya riƙa jinkirin warkewa. Dokar NAFDAC ta hana sa irin waɗannan da sinadarin mercury a kayan shafa, ta kuma taƙaita sinadarin ƙara hasken fata da ake kira hydroquinone ga kashi 2 cikin 100. Roba mara rubutu ba wanda ya san abin da ke ciki, wani lokaci har mai haɗawar.

Kafin sayen komai, ka kai ta wurin likita tare da robobin. Dainawa rana ɗaya takan sa fuska ta yi ja ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi, abin da ke mayar da mata da yawa ga man ke nan, don haka likita ne zai tsara yadda za a janye a hankali. Ka kuma shirya ganin fatarta ta koma kalarta ta asali, wataƙila da ɗan ƙarin duhu na wasu watanni. Kalmar da za ta ji daga bakinka a wannan lokaci tana cikin maganin.

A yanzu sabulu mai laushi mara ƙamshi da man kaɗanya zalla sun ishe ta, tare da man kare rana mai lamba 30 ko sama idan za ta fita. Dilka da halawa da goge-goge duk a dakata. Idan fatar ta warke tana son haɗin gida, a goga sabulun salo gram 250, a sa zuma cokalin cin abinci biyu, narkakken man kaɗanya cokali ɗaya, kurkum cokalin shayi ɗaya, a cuɗa ba tare da lemon tsami ba. A tafin hannu ake tayar da kumfarsa, don ɓurɓushin tokar da ke ciki yana karce fuska, kuma da hunturu sau biyu ko uku a mako ya wadatar. A riƙa gutsura da busasshen hannu a rufe robar, don da zarar ruwa ya kwanta a ciki zai yi laushi ya fara fumfuna.