Zan iya komawa Haɗeja in dogara da kaina?

Ka ce tsadar Kano ta ishe ka, kana son komawa Haɗeja ka noma abincinka, ka haƙa rijiya, ka sa sola.

Ruwa ne abin dubawa na farko, kuma a nan Haɗeja ta yi zarra. Kogin Haɗeja da fadamunsa suna ba da shinkafa, kayan lambu da kifi, har noman rani. Amma wannan ruwan shi ne barazanar. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki da gidaje a yankin. Kada ka sayi fili da rani saboda kawai ka gan shi a bushe. Je ka gan shi a watan Agusta ko Satumba, ka tambayi dattawan unguwa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Duba kuma ko ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwan gonar.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne barin aiki kafin girbin farko. Riƙe wata hanyar samun kuɗi, domin magani da taki ba sa jiran kaka.

Takardun fili, kai su ma'aikatar filaye ta Jigawa a tantance. Kafin haƙa burtsatse kuma, nemo masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa.