Amsoshin Tambayoyinku: Hoton But da Jakar Goyo, a Shago Ko a Kufena?

Wani ɗan'uwa mai shago a kasuwar Sabon Garin Zariya ya rubuto cewa yana sayar da takalman but na shiga daji, jakunkunan goyo, tocila da rigunan ruwa. Ya tara 'yan kuɗi, yana tambaya: ya sayi kyamara ya riƙa ɗauka da kansa ne, ko ya ɗauko mai hoto?

Alhaji, ka ɗauko mai hoto, amma kada ka sakar masa ragama. Mai hoton biki ya saba da amarya da ƙawayenta, idonsa yana kan fuska. Kai kuwa ka san abin da mafarauci ko ɗan sintiri yake yi idan ya shigo shagonka: juya takalmin yake yi ya dubi ƙasansa, ya lanƙwasa shi, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ja zif ɗin jaka sau biyu. To, abin da hannunsa yake nema a shago shi idonsa zai nema a waya. Saboda haka tun da daddare ka rubuta a takarda: kowane kaya hoto ɗaya shi kaɗai a gaban bango marar ado, ɗaya daf da ɗinki, sauran kuma yana jikin mutum yana aiki. Ranar ɗauka ka tsaya kusa da mai hoton, kana duba kowane hoto kafin a wuce.

Wuri kam Allah ya hore mana. Dutsen Kufena yana nan, ga bakin Kubanni, ga gonakin hanyar Shika. But da aka ajiye kan tayil ba ya cewa komai, amma a sa shi a ƙafa a taka dutse, ƙura ta ɗan hau shi, sai ya sayar da kansa. Sai dai ka fara gaida mai unguwa, ka tambayi halin da wurin yake ciki a makon, ku je da rana ku dawo da rana.

Lokaci ya fi kyamara muhimmanci. Ku isa rana na fitowa, wajen ƙarfe 6:30, ku tattara kafin hantsi ya dubi ludayi, ko kuma ku bari sai bayan La'asar sakaliya. Ranar tsaka tana jefa inuwa ƙarƙashin hula, ta mayar da baƙar jaka wani dunƙule da ba a ganin aljihunsa. Farin kwali babba a hannun yaron shago ya isa ya mayar da haske kan kayan. Da hunturu hazo yana tausasa haske, abin so ne, amma kada a canza gilashin kyamara cikin iska, don kada ƙura ta shiga. Rigar ruwa kuwa ka jira Agusta, a ɗauke ta ana yayyafi, ruwan yana gangarowa a kanta. Idan har daga baya ka nace sai ka mallaki taka kyamarar, tsohuwar Canon ko Nikon da gilashi mai lamba 50 ta wadatar.

Wani matashi daga Samaru ya ce shi irin hotunan kamfanonin Amurka yake so: samari cikin kaki mai dabbare-dabbare irin na soja, da bindigar roba, a ɗauko su daga sama da jirgi marar matuƙi.

Ƙanena, kul! A Zariya kake. Nan ne Depot, inda ake horar da kuratan sojan ƙasa tun 1924, nan ne makarantar soja ta yara da aka buɗe a 1954, ga barikin Basawa. Sa kayan da suka yi kama da na soja ga farar hula laifi ne a ƙasar nan, ko shigo da su ma sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Sa'annan ka yi tunanin manomin da ya hango samari biyar da kaki da bindiga a gindin dutse a wannan zamani. Ba zai matso ya tambaya ko ta roba ce ba. Shi ma jirgin yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, ga kwalejin koyon tuƙin jirgi a garin tun 1964, ɗalibanta suna shawagi a samanmu.

Kuma ko da babu doka, wa kake so ya saya? A Amurka mai sayen irin waɗannan kaya yana iya zama mai bindiga da lasisi. Naka mai sayen ɗan hidimar ƙasa ne da zai shiga sansani, ko ɗalibin nazarin ƙasa da duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) mai fita aikin daji, ko mai gadi, ko mai babur da ke kai kaya ƙauye. Ka zaɓi ruwan ƙasa, baƙi ko kore marar zane, ka nuna jakar ɗauke da gorar ruwa da tocila.

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada mai ɗinka jakunkunan tamfol da fata ta tambayi wa za ta sa ya goya, kuma me ya sa hotunanta suke dushewa a WhatsApp.

Hajiya, ki nemi wanda ya saba ɗaukar kaya a baya, tafiyarsa daban ce da ta mai kwalliya, ido yana ganewa. Ki cika jakar da kaya na gaske ta yi nauyi, ba takardu ba, don a ga yadda igiyar take zama a kafaɗa. Ku yi rubutacciyar yarjejeniya cewa ya yarda a sa hotonsa a talla, ko ɗan yayarki ne. Batun dushewa kuwa, WhatsApp yana matse hoto, sai ki ce mai hoton ya turo miki a matsayin fayil. Kuma ki hana shi ƙara wa fatar launi, don wadda ta ga ja a waya aka kai mata ruwan ƙasa, dawo miki da jakar za ta yi, ke ce da biyan kuɗin mota.