Sharar Sallah: a ƙona ta ko a yi yaya da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwargida ce a Mabera, cikin garin Sakkwato. Duk ƙaramar Sallah gidanmu kan cika da baƙi, kafin kwana biyu shara ta yi tsibi: ledar fiya wata, robobin lemo, ragowar abinci. Maigida ya ce a riƙa cinna mata wuta da yamma. Ƙonawar ta dace? In ba ta dace ba, yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. A ba maigida haƙuri, a bar wutar nan. Leda da roba ba sa cinyewa sarai in an ƙona su a fili, hayaƙinsu kuma guba ne ga huhu, musamman na yara da tsofaffi da masu asma. Ga shi a 'yan shekarun nan Sallar tana faɗowa a Maris ko Afrilu, lokacin da komai ya bushe ƙamas. Tartsatsi ɗaya ya isa ya kama zana ko rumfar dabbobi.

Matsalar daga haɗa jiƙaƙƙe da busasshe take farawa. Gwangwanin lemo mai tsabta kuɗi ne, amma in miyar taushe ta zube masa ya kwana a zafi, ba mai son taɓa shi. Tun daren da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, ki ajiye bokiti mai murfi a madafa don abin da ke ruɓewa, ki rataye buhu a zaure don busassu. Ki nuna wa yara, domin su ne masu zubarwa.

Abinci shi ne inda aka fi asara. Zafin Sakkwato a Afrilu yakan haura digiri 40, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje ba a sanyaya shi ba. Firji kuma, ke ma kin san halin wutarmu. Saboda haka ki raba girkin biyu, na safe da na yamma, maimakon tukunya ɗaya mai ɗaukar unguwa. Abin da kika ga zai yi saura, ki fitar da shi da zafinsa ga maƙwabta da almajirai. Ni dai ban ga sadaka a miƙa wa yaro shinkafar da ta kwana ta yi yauƙi ba. Ragowar tuwo da ƙanzo a marmasa a shanya a tire, rana ɗaya ta busar da su, kaji da tumaki su samu. Ɓawon kabewa da tsinken alayyafo na awaki ne. Sauran a zuba a rami tare da toka da kashin dabbobi, ya ruɓe ya zama taki irin wanda manoman fadamar Rima ke nema.

Busassun ba su da wuya. Robobin lemo, masu zoɓo da kunun aya na saye, ki dai wanke su, kuma duk wadda aka taɓa zuba wa fetur ko maganin ƙwari ki huda ta kada ta koma hannunsu. Gwangwani da ƙarafa 'yan gwangwan na auna su a sikeli su biya, na alminiyam daga cikinsu ake narkawa a ƙera tukwane.

Leda ce mai taurin kai, da wuya ki sami mai saye a ƙofar gida, don haka maganinta kada ta shigo. A je cefane da kwando ko buhu. Abincin Sallah a aika shi a kwano ko kula, a dawo miki da abinki. Baƙi kuma a ba su ruwan randa da aka tafasa, a kofi. Ledar da ta shigo duk da haka, ki cusa ta a buhu ki ɗaure baki, kada iska ta kwasa. Tambayi mahauta irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin tumaki da shanu. Dabba ta yi ta ramewa, mai ita yana ta sayen magani. Wadda dabba ba ta haɗiye ba kwata take faɗawa, ruwan Yuni ya zo ya rasa hanya, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Fasasshiyar kwalba da reza da tsohon batir kuwa, ki naɗe su daban a kwali, ki gaya wa mai kwasar shara abin da ke ciki, domin da yawansu da hannu tsura suke aiki.