Amsar tambayar Kawu kan dogayen bututun nan na bidiyo

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Kawu na ji muryarka kan bidiyon da yaran nan suka turo, wancan zauren da gungumen katako suka miƙe a karkace bayan makaɗa, kana tambaya ado ne ko su ke fitar da wannan rugugin, kuma wai maƙeri irinka zai iya haɗa irinsa a nan Gumel. To bari in yi da baki, rubutu zai yi yawa.

Abin nan sunansa ogan, kuma wallahi iska ce kawai take aiki a ciki. Zauren Walt Disney Concert Hall ne a Los Anjelis ta Amurka, an buɗe shi 2003, ogan ɗin kuma sai 2004 aka gama shi. Bututu 6,134 ne a ciki Kawu, waɗanda ka gani a gaba ɗan kaɗan ne, sauran suna ɓoye a baya hawa-hawa, har da tsani da 'yan lunguna da ma'aikata suke bi. Me ya sa suka yi yawa haka? Saboda kowane bututu murya ɗaya tak yake da ita, ba ya canjawa har ya tsufa. Madannan hannu guda 61 ne a jeri ɗaya, to duk kalar sautin da kake so sai ka yi mata nata bututu 61, ka ga in kana son kala 70 ko 80 ai lissafi ya tafi dubbai.

Su bututun kuma iri biyu ne manya. Akwai masu baki, iska ta fito ta siririyar kafa ta bugi leɓe ta tsage, irin na sarewa ke nan, sai kuma masu harshen tagulla a ciki da yake karkarwa, su ne dangin algaita, masu amon nan mai kaifi. Tsawo kuma shi ke yanke kaurin murya. Ka raba tsawon biyu, murya ta haura sama daidai ninki ɗaya. Mafi tsawo a wancan zauren ƙafa 32 ne, yana girgiza kamar sau 16 a daƙiƙa, wannan ma kunne bai cika kama shi ba, a ƙirji da kujera ake jinsa, shi ya sa a waya ba za ku taɓa jin ainihin abin ba. Ƙananan kuwa wasu ba su kai fensir ba.

Yawwa, ga inda zai maka daɗi. Na ƙarfen, kuza da dalma ake narkawa a haɗa, a kwarara a kan dogon tebur ya zama falle, a kankare shi har kaurin ya daidaita, a yanka, a naɗe a jikin sanda sannan a like da hannu, ɗaya bayan ɗaya fa, dubbai. In kuza ta fi yawa muryar ta yi haske, in dalma ce ta yi taushi. A ƙasa akwai zugazugi da ake yi da katako da fatar tumaki, da can ƙarti ake sawa su yi ta zugawa, yanzu injin lantarki ne ke hurawa, iskar ta taru a akwatuna da bututun suke zaune a kai, mai kaɗawa ya danna, 'yar ƙofa ta buɗe a ƙarƙashin bututun. Da ƙafa ma yana kaɗawa, akwai madannan ƙasa.

Amma ni abin da ya fi ɗaure min kai ba ƙirar ba ce, shi wannan abu ba a sayensa a ɗauko a ajiye, zauren ake wa shi. Wanda ya zana ginin, Frank Gehry, shi ya nace sai bututun gaba sun lanƙwashe, suka yi ta kai da komo da Manuel Rosales mai kula da sautin, don Gehry ido yake bi shi kuma Rosales kunne, kuma ba kowace siffa ce za ta yi kuka ba. Kamfanin Glatter-Götz na Jamus ya ƙera aka kwaso ta jirgin ruwa. Bayan an kafa kuma sai aiki mafi cin rai, a bi bututu ɗaya-ɗaya, wani yana ciki yana ɗan buɗa baki ko matse ƙafar bututun, wani yana zaune can cikin kujeru yana saurare yana cewa ƙara, rage, kuma sai wuri ya yi tsit, watanni ana wannan. Na Sidni a Ostireliya mai bututu sama da 10,000, shekara 10 Ronald Sharp ya yi a kai kafin a gama a 1979. Akwai ma na Atlantik Siti a Amurka da ya haura 33,000, amma ni yawa bai dame ni ba in ba a daidaita da zauren ba.

To batun ko za ka iya. Babba dai a'a Kawu, kuma ba don hannunka bai kai ba, yanayinmu ne. Zafi yana ɗaga muryar bututu, sanyi ya saukar, hunturu ya busar da katako ya tsage iska ta riƙa zurara, ƙura ta toshe bakin ƙananan, shi ya sa zaurukan nan suke riƙe sanyi da laima a ma'auni ɗaya dare da rana, mu kuwa kun san zancen wuta. Amma ƙarami na kan tebur wallahi zai yiwu. Ka fara da guda ɗaya na katako busasshe mai kusurwa huɗu, tsawon ƙafa 2 daga baki zuwa sama, zai ba ka muryar tsakiyar fiyano, in ka toshe samansa da katako naɗe da fata sai ta faɗo ƙasa ninki ɗaya. Zugazugi kuwa kana da shi a maƙera. In na shigo ranar kasuwa zan zo da ma'aunin bakin a takarda. A gaida su Inna.