Wace mota ce ta dace da ɗan koyo a wasan bidiyo na tseren mota Gran Turismo 7?

Ɗan'uwa, ka ce duk kwanar da ka shiga sai mota ta watsar da kai, kana neman wadda za ka koya da ita. Ina zargin injin ne ya fi ƙarfin hannunka.

Cikin ukun da wasan ke ba ka zaɓi tun farko, Honda Fit, Toyota Aqua da Mazda Demio, ni Demio na ɗauka. Tayoyin gaba ke jan ta, shi ya sa in ka shiga kwana da gudu sai dai gabanta ya zame waje. Kana sassauta totur ta dawo hanya. Ba ta juyawa da kai kamar katantanwa.

In hannu ya faɗa, koma Mazda Roadster. Tayoyin baya ke tura ta, ba ta da nauyi, kuma kafin bayanta ya ƙwace za ka ji alama. Kai ta filin Tsukuba na Japan, kilomita 2 ne kacal, ka yi ta zagaye har ka haddace wuraren taka birki. Bar TCS, wato saitin da ke hana tayoyi sulɓi in ka ba da totur, a 3 tukuna.

Porsche 911 kuwa, ka ƙyale ta. Injinta a baya yake, shi ya sa take da wuyar sarrafawa a kwana. Ni na sha bango da ita ba adadi.