KICIN ƊIN ADDA: Tukunyar lantarki mai dafuwa a hankali, wacce zan saya?

Assalamu alaikum Adda, da fatan kina lfy ya yara ya zafi. Ni malamar makaranta ce anan Garwa, ina fita tun bakwai saura bana dawowa sai bayan la'asar, in na dawo kuma ga gajiya ga ɗora girki, gas ya ƙare gawayi yayi tsada. Wata abokiyar aikina ta bani labarin wata tukunyar lantarki wai zaki zuba komai da safe ki tafi abinki ki dawo ki tarar ya nuna. Naje kasuwa na ga kala kala, wata mai lambobi a gaba kaman waya wata mai maɓalli ɗaya kawai, mai shagon yana ta turamin mai lambobin wai itace ta zamani. Dan Allah wacce zan ɗauka wadda bazata bani kunya ba? Mu bakwai ne a gidan harda kakar yara.
Maman 'yan biyu, Garwa

Wa alaikumus salam ƙanwata, zafi kam sai godiya. Toh kafin ki ƙirga ma mai shago sefa ko ɗaya ki fara tambayar kanki wutar unguwarku ya take, dan wannan tukunyar duk ƙarfinta akan wuta yake kuma ba wutar minti talatin ba, wutar awa 6 zuwa 8 a jere take so. Kinsan dai yawancin wutarmu ta nan arewa daga madatsar Lagdo take zuwa akan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma duk shekara in rani yayi nisa ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa unguwa. An ƙara tashoshin sola a Gidar da Marwa, sun taimaka, amma har yanzu ba wanda zai rantse miki cewa daga safe zuwa la'asar bazata ƙifta ba.

Shiyasa nace miki ki bar mai lambobin nan a shagonsa. Ba wai bata da kyau bane, a ƙasar da wuta bata ɗaukewa daɗinta ake ji. Amma anan da an ɗauke ko na minti biyu ne yawancinsu sai su manta abinda kika saita, wuta ta dawo su tsaya suna ƙyafta ido suna jiran a sake danna su, ke kuma kina can aji kina koyar da lissafi. Mai maɓallin murɗawa kuwa inda kika barta nan take, wuta na dawowa ta cigaba da aikinta. Ga kuma gyara, cikinta ba komai sai wayar zafi da makunni, duk mai gyaran dutsen guga zai iya duba miki ita, waccan kuwa in allon cikinta ya ƙone shikenan ta zama kwanon ajiye albasa.

Saidai kar ki ɗauka mai maɓallin ta raba ki da matsala gaba ɗaya, nan ne nake so ki nutsu. In wuta ta tafi awa uku ta dawo tukunyar zata cigaba, ki dawo ki tarar da miya tana tururi ki ɗauka lafiya lau, alhali naman ya zauna cikin ɗumi ɗumi tsawon lokaci. Ƙwayoyin cuta sunfi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60, ƙa'ida kar abinci ya wuce awa 2 a wannan yanayin, in zafin gari ya haura digiri 32 ma awa 1 ce, kinga mu da muke ganin sama da 40 a watan Maris da Afrilu ai ba magana. Wasu ƙwayoyin kuma suna barin dafi wanda sake tafasawa baya kashe shi. Tunda Allah yasa kaka na gida, ki roƙe ta ta riƙa lura, in an ɗauke ta duba agogo, in abin ya ja a juye a tukunyar ƙarfe a ƙarasa akan gawayi ko gas. Ranar da ba kowa a gida kuma ki jona ƙaramin agogon lantarki irin mai komawa sifili yana ƙyaftawa in wuta ta yanke, ko ki tambayi maƙwabciya. In baki san tsawon lokacin da ta tafi ba kuma nama ne a ciki bai nuna ba, haƙuri zakiyi ki zubar, yafi kwana a asibiti da yara.

A kasuwa kuma ki buɗe ido. Akan kwalin da faransanci zaki ga an rubuta mijoteuse, kar a haɗa ki da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, wasu masu shagon su kansu basu bambance su ba. Ta shinkafa cikinta siririn ƙarfe ne mara nauyi, wannan kuwa cikinta kasko ne na tangaran mai kauri da nauyi wanda ake cirowa a wanke. Ki ciro shi ki kai bakin ƙofa wajen haske ki duba ko akwai tsaga ko da kaman zare ce, ki ƙwanƙwasa da yatsa kiji yayi ƙara tas, in kikaji sautin ya mutu ki ajiye. Ki ɗora murfin ki girgiza kiga ya zauna daram, na gilas yafi dan kina ganin ciki ba sai kin buɗe ba.

Sannan ki kifa ta ki karanta ƙasanta, wannan shine wanda mutane suke tsallakewa. Dole kiga 220 ko 220 zuwa 240V, shine wutar Kamaru da Chadi. Kayan burokant wato gwanjo da waɗanda dangi ke aikowa daga Amurka da yawa 120V ne, kina jonawa zata ɗau zafi fiye da ninki uku na abinda aka yi ta dominsa, kiji ƙauri shikenan. Ɗan adaftan nan na kan filogi baya sauya ƙarfin wuta, bakin kawai yake sauyawa. Wadda ta shigo ta Najeriya mai ƙafa uku masu kusurwa kuwa ba laifi wutarmu ɗaya, ita adafta mai kyau ya ishe ta.

Girma, ku bakwai ki nemi lita 6 ko 6 da rabi, mai lita 3 da rabi ta mutum uku zuwa huɗu ce. Ana cika ta rabi zuwa kashi biyu cikin uku ne ba har baki ba. Suna kuma, Crock-Pot itace tsohuwar hannu tun 1971 take kasuwa a Amurka, amma ni bana bin suna tunda kwali kowa na iya bugawa. Kisa a jona miki a shagon kiji gefenta ya fara ɗumi, ki karɓi faktir wato rasit da hatimi. Kina zuwa gida kafin ki saka mata naman kuɗinki ki zuba ruwa zalla ya wuce rabi, ki murɗa kan ƙaramar wuta ki barta awa 8, ruwan ya kamata ya kai digiri 85. Ma'aunin zazzaɓi bazai yi ba iyakarsa 42, in baki da na kicin ki duba kiga ƙananan kumfa na tasowa a gefe gefe kuma yatsa bazai shiga ba. In ɗumi kawai yayi ki mayar musu tun faktir bai ɓace ba.

Adda barka da aiki. Ni amarya ce, an sakamin ita cikin kayan ɗaki amma duk miyar da nayi sai ta fito tsululu ba ɗanɗano, har maigidan ya fara tambaya ko lafiya. Kuma zan iya tuwo a ciki?
Wata amarya, Marwa

Amarya kinsha ƙamshi, lafiya lau ruwa ne yayi yawa. Murfin baya barin tururi ya fita, duk abinda kika zuba yana nan harda ruwan da nama da albasa zasu fitar, dan haka ki rage kusan rabin ruwan da kika saba. Ki fara soya albasa da tumatir da naman a kasko akan wuta sannan ki juye, wlh bambancin ba kaɗan bane. Kuka, kuɓewa, yakuwa, alayyahu duk sai rabin awar ƙarshe, kifi ma haka in ba so kike ki nemi karfasa ki rasa ba. Ki daina buɗewa kina leƙe, kowace buɗewa tana ƙara miki wajen minti 20. Inda tafi ƙwarewa shine ƙafar saniya, ganda, jelar sa, kai, naman tsohuwar kaza, duk abinda ke cinye miki gawayi. Kar ki saka nama da ƙanƙararsa daga firigo, ki bari ya saki tukun, kuma kar ki zuba ruwan sanyi a kaskon yana da zafi zai tsage. Tuwo kuwa a'a, tuwo wuta yake so da muciya, ki barshi a tukunyarsa.

Salam Hajiya. Ni ɗalibi ne, mu huɗu muke haya kuma wake ne abincinmu. Mun dafa jan wake a irin tukunyar nan tun dare, da safe muka ci, kafin azahar duk muna amai da gudawa. Tukunyar ce ta lalace ko me?
Ɗalibi, Ngaundere

Sannunku ɗana, Allah ya ƙara sauƙi. Inaga ba tukunyar bace, waken ne. Jan waken nan da ake kawowa daga kudu yana da wani sinadari mai dafi wanda sai tafasa mai ƙarfi ke kashe shi, ƙwaya huɗu ko biyar da basu dahu ba sun isa su juya cikin mutum cikin awa 1 zuwa 3, ita kuma tukunyar akan ƙaramar wuta ba lallai ta kai shi ga wannan tafasar ba. Ku jiƙa shi aƙalla awa 5 ku zubar da ruwan, ku tafasa shi fafal fafal a sabon ruwa akan gas ko risho aƙalla minti 10, ni rabin awa nake cewa, sannan ku juye a ciki ya ƙarasa. Farin wakenmu na gida bai kai shi haɗari ba amma shima ku bashi tafasa ɗaya, ba asara. In wani cikinku har yanzu baya riƙe ruwa a ciki ku kai shi asibiti yau ba gobe ba.

Hajiya ina wuni. Sola gareni a gida, zata ɗauki wannan tukunyar? Uwargida ke so saboda sahur.
Alhaji, Injamena

Lafiya lau Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tuna da uwargida. Bata da ci sosai, yawanci wat 100 da wani abu zuwa 300 ne, dutsen guga ya ninka ta sau da yawa, matsalar tsawon lokacin ne. In an rubuta 200 a ƙasanta, awa 8 ya kama kilowat-awa 1.6 kenan. Batir mai 12V 200Ah gaba ɗayansa 2.4 yake ɗauka, in na dalma ne kuma rabi ake so a ci kar ya mutu da wuri, ka ga batir ɗaya bazai kai ta asuba ba balle ga fanka ga firigo. Ku kunna da hantsi lokacin da rana ke dukan faranti, abincin buɗa baki ya fito daga nan. Na sahur kuma a raba shi a ƙananan kwanoni a saka firigo, da asuba a ɗumama akan gas har ya tafasa, banda ɗumame a cikin ita tukunyar dan tana jan lokaci kafin tayi zafi. In batiranka sun kai uku ko huɗu ko na litiyom ne, kira wanda ya haɗa maka ya duba lissafin kafin a barta ta kwana a kunne.