Amsa ga mai tambaya kan famfon gilashin kifi mara shan wuta

Wa alaikumus salam, ƙanena na Gusau. Na ga tambayarka tun jiya. Ka ce gilashin kifinka tsawonsa santimita 90 ne, mai shago yana lallashinka ka ɗauki famfo mai wat 35, kai kuma sola ɗinka batir ɗaya gare shi mai 100Ah. Amsata a taƙaice ita ce kada ka ɗauka. Dalilin kuwa sai ka ɗan yi haƙuri da ni, don da kifayena na biya kuɗin wannan karatu a nan Birnin Kebbi.

Fara da sanin yawan ruwanka. Ka auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Idan faɗin 40 ne, zurfin ma 40, ruwanka lita 144 ke nan. Ƙa'idar masu wannan harka ita ce famfo ya zagaya ruwan gaba ɗaya sau huɗu zuwa biyar a awa. Wato kai abin da kake bukata bai wuce lita 600 zuwa 700 a awa ba, kuma ana samun famfo mai wannan ƙarfi da ke cin wat 8 zuwa 10. Mai wat 35 ɗin nan na babban gilashi ne. In ka jefa shi a naka, kifayen za su wuni suna kokawa da igiyar ruwa kamar waɗanda Gulbin Rima ya ɗebo da damina.

Lissafin wutar shi ne abin da mai shago ba zai yi maka ba. Famfon kifi ba fanka ba ne da za ka kashe in za ka fita, dare da rana yake aiki. Wat 35 sau awa 24 sau kwana 30 ya haura yunit 25 na mita a wata. Mai wat 8 ko yunit 6 ba ya cinyewa. A kan batir ma abin ya fi muni. Batir mai bolt 12 da 100Ah a takarda yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in irin namu ne na dalma ba litiyom ba, rabi kawai ya kamata ka taɓa in kana so ya daɗe, wato 600. Babban famfon zai zuƙe 420 a awa 12, daga magariba zuwa fitowar rana, ba a sa fanka ba, ba a sa abin da inbata ke ci don kansa ba. Ƙaramin kuwa bai kai 100 ba.

Ni haka ta faru da ni a wani Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40. Na sayi ƙaton famfo saboda mai shagon ya ce "wannan shi ne mai ƙarfi". An ɗauke wuta tun la'asar, wajen ƙarfe biyun dare inbata ya yi ƙara ya mutu, na juya na ci gaba da barcina. Da na fito sallar asuba na haska tocila, sai ga jajayen kifayen nan na ado sun jeru a saman ruwa, bakunansu na buɗewa suna rufewa, huɗu kuma sun riga sun kife ciki sama. Na tsoma hannu, ruwan da ɗumi kamar na wankan jariri. Wani tsohon Basarke, maƙwabcinmu, da na ba shi labari dariya ya yi ta yi, wai mutumin da kakanninsa suka yi su a Matan Fada ta Argungu ne kifi ke mutuwa a falonsa.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a daren. Famfon da ake nutsawa a ruwa, ɗan ƙaramin sumo ke nan, duk wutar da ya ci tana komawa zafi a cikin ruwan. Shi kuma ruwa yana ƙara ɗumi, iskar da ke cikinsa tana raguwa: a digiri 20 lita guda na riƙe kusan miligiram 9 na iskar shaƙa, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Famfon ya ɗumama ruwan, sannan ya tsaya a lokacin da aka fi bukatarsa. Da tarwaɗa ce da ba ta damu ba, don tana iya leƙowa ta shaƙi iska a sama. Yawancin kifin ado ba su da wannan gata.

Yanzu abin da nake amfani da shi famfo ne na DC mai bolt 12, irin wanda ake ƙara masa gudu ko a rage. Na haɗa shi da batir ta hannun kwantirolan sola, da fis a tsakani, ba ruwansa da inbata. Sai ɗan injin iska mai wat 2 ko 3 da ke hura matatar soso a kusurwa, da wani ƙarami mai USB da nake ajiyewa kusa da fawa banki saboda ranar da komai ya tsaya. A gilashi irin naka, in kifayen ba su yi cunkoso ba, matatar soson ma kaɗai tana iya riƙe shi. Ka sa ɗan bawul mai hana ruwa komawa a kan tiyon iskar, ko ka ɗora injin sama da saman ruwa, in ba haka ba ranar da wuta ta ɗauke ruwa zai biyo tiyo ya shiga injin.

In ka je shago, ka juya kwalin da kanka. Lambar da ke gaban L/H ita ce yawan litar da famfon ke turawa a awa, amma wannan in famfon bai tura ruwa sama ba ne. Akwai wata H.max, iyakar tsayin da zai iya kai ruwa, kuma a daidai wannan tsayin ruwa ba ya fita ko kaɗan. To in matatarka a saman gilashi take, ka ɗauki wanda ya ɗan ɗara lissafinka. Sobo da SunSun da Jebao na Chaina su aka fi gani, Eheim na Jamus kuma akwai tsada. Ka kula da na gwanjo da aka yi wa Amurka masu bolt 110, wutarmu 230 ce, nan take zai ƙone.

Saura wanki. Ruwan burtsatsenmu na barin farin gishiri a jikin farfelar da ke cikin famfon, ga ƙurar hunturu. Duk wata ka cire filogi, ka buɗe, ka jiƙa farfelar a binega, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Soson kuwa a ruwan da ka ɗebo daga gilashin za ka matse shi, ban da ruwan famfo mai kulorin, don ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cinye dafin kashin kifi a cikin soson suke zaune.

Ka turo mana hoton bayan kwalin kafin ka biya, ka kuma faɗa mana irin kifayen da adadinsu, sai in gaya maka ko mai wat 8 ɗin ma ya yi maka yawa.